Badalar Kano, da Jakara, da Arzikin da ya Fita Waje

'Yan makaranta da yawa, na Mishan da na Gwamnati, ta Bata su ke bi kullum safe da yamma, waɗansu daga Fagge, waɗansu daga Sabon Gari, waɗansu kuwa daga can cikin birni. Amma in ka tsai da goma daga cikinsu, ka ce su faɗi dalilin da ya sa kasuwanni da kantuna da hayaniyar motoci duk suka taru a nan bayan gari, alhali kuwa ga birni can da ganuwarsa da fadarsa, da ƙyar za ka sami ɗaya da zai ba ka amsa. Don haka muka ga ya kamata mu jawo hankalinku, ku masu karatu, ga labarin wannan wuri. Za mu fara da nisa tukuna, sa'an nan mu komo gida.

A kudancin ƙasar Faransa akwai wani tsohon gari, sunansa Karkason, a bakin wani kogi da a ke kira Od. Bisa tudu garin ya ke, an kewaye shi da ganuwa biyu ta dutse, ɗaya cikin ɗaya, tsawonsu in an haɗa ya kusa mil biyu, da hasumiya 52. A da shi ne makullin iyakar Faransa ta wajen ƙasar Sifen. Cikin 1209 wata babbar runduna ta kewaye shi, ta tare hanyar gangarawa kogi. Ba a fasa ganuwar ba, ƙishirwa ce ta sa mutanen ciki suka sallama bayan mako biyu. Daga baya, zamanin Sarki Luwi na Tara, aka kafa wani sabon gari a ƙetaren kogin, a ƙasa mai shimfiɗa. Masaƙa da attajirai suka tare a can, suna saƙa ulu, har a kan kai tufafinsu ƙasashen Turkawa. Cikin 1659 Faransa da Sifen suka yi sulhu, iyaka ta matsa kudu, ganuwar nan ta wayi gari ba ta tsaron kowa. Talakawa suka kakkafa 'yan ɗakuna a jikinta, magina kuma suna ta ɗibar duwatsunta. To, ku riƙe wannan a zuci, za mu komo kansa.

Kada ku yi dariya in mun ce Kano ma birni ne na bakin kogi. Mun sani wanda ya ga Jakara a wannan zamani ba zai kira ta kogi ba, sai dai lambatu. Amma ba haka ta ke ba tun asali. Littafin Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, ya ambaci wani kurmi mai baƙin ruwa a wurin, wanda mutanen farko, jama'ar Barbushe masu bautar Tsumburbura, su ke jin tsoronsa, ba mai sarar itacensa. Abu biyu ne suka tara mutane a nan. Na ɗaya dutsen Dala, da tamar da ke gindinsa, wadda masu bincike suka ce tun wajen ƙarni na 7 a ke narka ta. Na biyu ruwan nan na Jakara da dausayinta, inda rijiya ba ta zurfi, ƙasa kuma ta ke karɓar kowace irin shuka.

Bisa lissafin da a ke bi, Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa ta, ya gina gidan sarauta wanda har yau a ke kira Gidan Rumfa, ya kafa Kasuwar Kurmi daidai bakin Jakara. Muhammadu Nazaki ya sake ƙara ta a farkon ƙarni na 17. A nan ne mu ke so ku lura da dabarar mutanen da. Ba gidaje kaɗai suka kewaye ba. Sun saka Dala a ciki, da Gwauron Dutse, da mafarin Jakara, da gonaki masu yawa, har matafiyan Turai da suka zo daga baya suka yi mamakin ganin fili ya fi gine-gine yawa a cikin birni. Watau abin nan da ya ka da Karkason, Kanawa sun yi maganinsa tun farko. Wanda ya zo ya yi musu zobe, shi yunwa za ta fara kamawa, gama su suna da ruwansu da hatsinsu da makiyayar dabbobinsu a bayan ƙofa rufaffiya.

Ba mu ce ba a taɓa shiga birnin da ƙarfi ba. Kwararrafa sun shiga zamanin Sarki Dadi, a ƙarshen ƙarni na 17, sun yi ɓarna ƙwarai. A lokacin Basasa kuma Yusufawa sun shiga cikin 1894. Amma in aka duba shekara wajen 800, sau nawa ne? Ko Damagaram, da bindigoginta, da ta kawo yaƙi zamanin Sarki Alu, a karkara ta yi ta'adinta ta koma.

Baƙin da suka gan ta da ƙarfinta sun bar mana awonta. Kilafaton, Baturen Ingila da ya zo cikin 1824, ya ƙiyasta kewayenta mil 15, tsayinta ƙafa 30, ya ƙirga ƙofa 15. Gwamna Lugga ya ce kewayen bai kai haka ba, wajen mil 11 ne, amma ya shaida kaurin gindinta ya kai ƙafa 40, tsayinta kuwa daga ƙafa 30 har 50. Duk wannan ba dutse ko ɗaya, ba siminti, jar ƙasa ce da tubali da hannun mutane. A waje akwai rami mai zurfi da sarƙaƙiya. A ciki akwai badala, inda maharba ke tsayawa, wadda sunanta ya rinjaya har Kanawa su kan kira ganuwar duka Badala. Ƙofofin kuwa ƙuntatattu ne da gangan, don kada dawaki su shiga a jere, kowace da Sarkin Ƙofa mai rufe ta da almuru. In damina ta wuce sai a yi gayya, kowace unguwa da kowane gari na kewaye a ba su rabonsu su yaɓe. Wannan gayyar ita ce ran ganuwar, ku tuna da ita.

Me a ke tsaro haka? Kasuwa. Bart, Bajamushen nan da Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya sauka Kano cikin 1851, ya ce mazaunanta na kullum sun kai 30,000, ban da baƙin rani. Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne saƙa da rini. Ya lissafa tufafin da Kano ke sayarwa waje kowace shekara ba su kasa na wuri miliyan 300 ba, kuma ya ga sun kai har Tambutu da Tarabulus. Karofin Ƙofar Mata, wadda a ke cewa tun 1498 ta ke, ragowar wannan sana'a ce. Ga jar fatar akuya, wadda a ke ratsa Sahara da ita har Turai, can su ke kiranta fatar Maroko don ba su san asalinta ba. Ga goro daga Gwanja, ga gishiri daga Bilma bisa raƙuman Azbin. Larabawan Gadamus da na Tarabulus suna da unguwarsu a ciki, Dandalin Turawa, gama a lokacin nan Larabawa a ke kira Turawa. Ba kuwa za mu ɓoye muku ba, cikin hajar Kasuwar Kurmi har da 'yan Adam, ana jera su ana taya su kamar dabbobi, kuma wani kashi na arzikin nan da guminsu aka tara shi. Wanda zai yi alfahari da rinin kakanninsa, wajibi ne ya san wannan ma.

Ayarin raƙumi dubu ba ya kwana cikin lungu. Dole a sami fili a bayan ganuwa, kusa da ruwa, inda za a sauke kaya a yi kiwo. Wannan fili shi ne Fagge, gabas da birni, a gefen Jakara bayan ta fito ta wajen Ƙofar Mazugal. Masu ba da labari sun ce tun zamanin Rumfa Buzaye ke sauka a nan. Shekaru aru-aru Fagge zango ce kawai, mai hidima ga Kurmi. Da safe fatake su shiga ta Ƙofar Wambai ko Ƙofar Mata su yi ciniki, da yamma su fito. Birni ne uban gida, Waje bara.

Ran 3 ga Fabrairu, 1903, Kanar Molan ya iso da soja waɗanda ba su kai dubu ba, da igwa huɗu. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da yawancin mayaƙansa. Igwa ta yi ta dukan ganuwa ba ta huda ta ba, ƙasa na haɗiye harsashi, sai da aka juya kan ƙyauren Ƙofar Kabuga sa'an nan aka sami hanya. Kafin la'asar an gama. Aka naɗa Abbas, shi kuwa Alu aka kama shi daga baya, ya ƙare kwanansa a Lakwaja cikin 1926, Allah ya ji ƙansa. Faransawa ma sun so wurin. Wani hafsansu, Montai, ya sauka Kano a ƙarshen 1891 kan hanyarsa ta zuwa Borno, kuma cikin 1899 sun ci Damagaram, suka gina barikinsu bisa duwatsun Zindar. Da yarjejeniyar iyaka tsakaninsu da Ingilishi ta karkata kaɗan, da yanzu da Faransanci ku ke karatu.

Amma a ganinmu ba igwar Molan ce ta kashe ganuwa ba. Jirgin ƙasa ne. Cikin 1911 dogo ya iso Kano daga Baro, cikin 1912 aka buɗe shi ga 'yan kasuwa, tasha kuwa a Waje aka kafa ta. Turawa auduga suka sa rai za a yi ta lodi zuwa masaƙun Ingila. Ashe manoma sun fi su iya lissafi. Masaƙan gida suna sayen auduga da tsada, ba dalilin kai ta kanti. Gyaɗa kuwa ba ta gajiyar da ƙasa, ana shuka ta tsakanin gero da dawa, in kasuwa ta faɗi a ci abinta, ga shi kuma Turai na neman mai ido rufe, don sabulu da man shafa wa burodi irin wanda wani Bafaranshe ya ƙago cikin 1869. Fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda da ma sun san kowane ƙauye, sun san wanda za a ba bashi ya biya, sai suka bazama suna raba gishiri da tufafi da kuɗi, a biya su da gyaɗa in kaka ta yi. Cikin 1913 gyaɗar da Nijeriya ta fitar ta haura tan 19,000, alhali shekara guda kafin nan ba ta kai tan 3,000 ba.

Wanda ya fi shahara cikinsu shi ne Alhasan Ɗantata, mutumin Bebeji, wanda ya fara da fataucin goro a hanyar Gwanja. Cikin 1918 ya zama mai saya wa Kamfanin Neja, kuma an ce raƙumi 20 ne suka taɓa ɗauko masa kuɗin azurfa zuwa ajiya a banki a Kano. In jirgi ya kasa kwashe buhuna, sai a jibge su a fili, a yi ta ɗorawa har su yi tsini, dala guda ta kan ci buhu wajen 15,000. Ku dubi sunan da aka ba su, dalar gyaɗa. Birni yana da Dala guda, Waje kuwa ta wayi gari da nata barkatai. Har gyaɗar Maraɗi da ta Damagaram, ta ƙasar Faransawa, nan a ke kawo ta bisa raƙuma da jakuna da manyan motoci, don nan ne bakin dogo mafi kusa da su. Kamfanonin Faransa, irin su CFAO na birnin Marsai, suka buɗe kantuna suka kafa sikeli a jere da na Ingilishi.

Inda sikeli ya ke, nan kuɗi su ke, inda kuɗi su ke, nan mutane ke zuwa. Turawa suka zauna Nasarawa da Bompai. Kwara, watau mutanen Sham da Lubnan, aka ba su Fagge ta Kudu, inda kantunansu na yadi suka zama Kantin Kwari na yanzu. Wajen 1913 aka yanka Sabon Gari, da tituna miƙaƙƙu kamar an ja su da rula, domin akawuna da ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa daga Ikko da ƙasar Ibo, har da Saliyo da Gwalkwas, wadda ta zama Gana. Nan aka yarda a gina coci da makarantun Mishan, gama an yi wa sarakuna alkawari ba za a kai su cikin birni ba. Sai cikin 1940 aka mai da Sabon Gari ƙarƙashin En'e ta Kano. Titin nan da a ke kira France Road, da yawa suna tsammani sunan ƙasar Faransa ya ci. Dattawan unguwar kuwa sun ce sunan wani mutumin Gwalkwas ne, Mista France, wanda ya shugabanci Sabon Gari a zamanin Turawa.

Ita fa Bata? Kantin takalmi ne. Wani baduku, Tomas Bata, ya kafa kamfanin cikin 1894 a garin Zilin, a ƙasar Cek ta tsakiyar Turai, kamfanin ya yaɗu duniya, ya buɗe kanti a wannan mararraba, sai sunan ya bi wurin. Haka kasuwar Singa da ke maƙwabtaka da ita, daga keken ɗinkin Singer na Amurka ta samo nata. Abin dubawa ne. Ƙofofin birni suna amsa sunan Wambai, da Ɗan Agundi, da Na'isa, amma wurare biyu da suka fi ko'ina cinkoso a Waje, sunan takalmi da keken ɗinki su ke amsawa. Ba mu faɗi wannan don raini ba. Kowane zamani da abin da ya ke girmamawa.

Akwai wani abu mai nauyi da ba za mu tsallake ba, tun da masu karanta wannan shafi daga ɓangarorin nan biyu su ke. Tsarin da ya raba Fagge da Sabon Gari, ya ce wannan nan zai kwana, wancan can, kowa da kotunsa da makarantarsa, ya haifi mutane masu ciniki da juna kullum amma ba su san juna ba. Cikin watan Mayu 1953, a kan gardamar ranar samun mulkin kai, aka yi kwana huɗu ana faɗa a filin da ke tsakanin unguwannin nan biyu, mutum 36 a ƙalla suka halaka. Abin da ya auku cikin 1966 ya fi wannan muni nesa. Ƙasar da ku ke takawa zuwa makaranta ta sha jini, ba kuwa na baƙin mayaƙa ba, na maƙwabta.

Gyaɗar ma ta tafi. Farin 1973 ya karya manoma, cutar da ta faɗa wa shuka cikin 1975 ta ƙarasa, kuɗin man fetur kuma ya ɗauke hankalin hukuma. Filayen dala suka zama gidaje da rumfuna. Amma ciniki bai koma birni ba. Kantin Kwari ya zama babbar kasuwar yadi wadda a ke zuwa daga Nijar da Cadi da Kamaru, Singa ta riƙe kayan masarufi, kasuwar Sabon Gari, wadda aka sake ginawa aka sa mata sunan Gwamna Abubakar Rimi, ta ci wuta mai tsanani cikin Maris 2016 ta kuma sake tashi. Yanzu har wata doguwar gada ta bi ta bisa Bata don rage cinkoso. Sai dai yawancin yadin da a ke sayarwa a Kwari daga ƙasar Sin ya ke zuwa, a birnin da aka ce a da yana tufasar da rabin ƙasar Sudan. Jakara kuwa ta zama mai kwashe dattin birni da na mayanka, can gaba ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, ta zube a madatsar Wasai ta wajen Minjibir. Duk da haka masu lambu suna ban ruwa da ita, latas da alayyafon da ke zuwa kasuwa da yawa nata ne. A cikin birni kuma, tun daga 2013 aka shiga rufe ta da kankare ana shimfiɗa titi a kanta.

To, mu koma Karkason. Wajen 1850 hukumar Faransa ta yanke shawarar a rushe abin da ya rage na ganuwar. Waɗansu masana, da wani ɗan garin mai son tarihi, suka tashi suka yi ta rubuce-rubuce har aka janye. Daga 1853 wani magini, Viollet-le-Duc, ya shiga gyara, aikin da bai ƙare ba sai bayan mutuwarsa. An zarge shi da cewa ya ɗora wa hasumiyoyin rufi mai tsini irin na arewacin Faransa, wanda ba na wurin ba ne, kamar dai yadda mu ma aka rushe waɗansu ƙofofinmu don faɗaɗa titi, aka mai da su da siminti, sabbi ful, ba su kama da na da ba sai a suna. Amma ko da kuskurensa, ganuwar tana tsaye. Cikin 1997 hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya, kuma abin da a da ya ke tsare garin daga baƙi, yanzu shi ke kawo baƙi da kuɗinsu. Ganuwar Kano an sa sunanta cikin jerin masu jiran wannan matsayi tun 2007.

Sai dai akwai bambanci guda, shi ne ya fi damunmu. Dutse yana jure sakaci. Karkason ta yi shekara kusan 200 ba mai kula da ita, da aka waiwayo aka tarar da abin gyarawa. Ƙasa ba ta da wannan haƙuri. Tun da gayya ta mutu, kowace damina tana zaftare rabonta, mai gini yana zuwa da jaki ko tifa ya ɗebi nasa, mai neman fili ya kafa shago, mai shara ya zuba. A wurare da yawa, musamman nan gabas da ke fuskantar Fagge, inda ƙasa ta fi tsada, ba abin da ya rage sai sunan ƙofa. Ta kudu da yamma, daga wajen Ƙofar Na'isa zuwa Gadon Ƙaya da gaba, akwai sauran tudun da mutum zai tsaya a gindinsa ya ɗaga kai.

Ga abin da mu ke roƙon malamai da manyan 'yan aji. Ran Asabar guda, bayan an sha ruwa, a tashi daga Bata da ƙafa, a ratsa Fagge, a shiga ta Ƙofar Wambai, a bi ta Kurmi a ga inda Jakara ta ke kwance ƙarƙashin titi, a hau Dala a dubi gabas da yamma. Wata Asabar ɗin a tafi inda ganuwa ta rage, da igiya da sanda mai awo. A auna tsayinta da kaurin gindinta a wuri uku ko huɗu, a tambayi tsofaffin unguwa inda ta kai sa'ad da su ke yara, a rubuta duka cikin littafin aji, da sunan wurin da kwanan wata. Baɗi war haka 'yan ajin da ke bayanku su koma wuraren nan da igiyar, su sake aunawa.